Haidirojin daga ruwan teku: gishirin ne matsala, ko wutar?

Malam Sani: Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ya faru a ajina yau, ina son masana a cikinmu su warware mini. Ina koya wa 'yan aji biyar yadda lantarki ke fasa ruwa gida biyu, haidirojin da oksijin. Muka samo kofin gilashi, ƙaramin batir mai bolt 9, da fensir biyu da muka fiƙe ta kowane ɓangare, muka ɗaura jar waya a ɗaya, baƙa a ɗayan. Da ruwan famfo zalla sai ka ƙura ido kafin ka ga 'yar kumfa. Wata yarinya ta ce mu zuba gishiri. Cokali biyu muka zuba, nan take kumfa ta fara tashi kamar an buɗe lemon kwalba. Amma ba a yi minti biyar ba, duk wanda ya sunkuya kan kofin sai ya ji warin Hypo. Na cire wayar. Tambayata biyu ce. Wannan warin daga ina? Sannan ina ta ganin labarin cewa masana sun fara samar da haidirojin daga ruwan teku, wai shi ne makamashin gobe. To ai ruwan teku ruwan gishiri ne. Su yaya suke yi da warin?

Dakta Hadiza: Wa alaikumus salam Malam. Ka yi daidai da ka cire wayar. Warin da kuka ji kulorin ne. Gishirin miya haɗin sodiyam ne da kulorin, to da kuka narkar da shi, sandar da ke kan jar waya, wadda ya kamata ta fitar da oksijin, sai ta koma fitar da kulorin. Wani ya tashi sama, wani ya narke a ruwan ya zama irin sinadarin da ke cikin Hypo ɗin. A kofi ɗaya da ƙaramin batir ba zai yi wani lahani ba in tagogi a buɗe suke, amma kada ka sake yi da yara. Iska ce mai guba, da ita aka kashe sojoji a Ypres ta Beljiyam a 1915. Nan gaba ka nemi sodar bikabonet, wadda ake sa wa burodi da kek, ita za ta ba ka kumfar ba tare da warin ba.

Tambayarka ta biyu kuwa, abin da ka gani a kofin nan shi ne ainihin ciwon kan masu wannan bincike. A takarda, oksijin na bukatar bolt 1.23, kulorin 1.36. Kamar dai oksijin ne zai riga fitowa. Amma oksijin yana da nawa, sai an ƙara masa ƙarfin wuta kafin ya motsa, kuma da an ƙara sai a faɗa gonar kulorin. Shi kuma in ya fito, cin ƙarfe yake kamar gara.

Usman mai sola: Dakta, a taimaka mana mu da ba mu yi nisa ba. Me ake so a yi da haidirojin ɗin tukun? Kuma ina jin ana cewa koren haidirojin, me ya sa ake ce masa kore?

Dakta Hadiza: Usman, iska ce mai cin wuta, in ta ƙone ruwa kawai take bari, babu hayaƙi. Kuma ba sabuwa ba ce a masana'antu. Duniya tana amfani da abin da ya haura tan miliyan 90 a shekara, yawanci a matatun mai da kamfanonin takin zamani. Sai dai kusan dukkansa daga iskar gas da kwal ake ciro shi, kuma kowane kilo ɗaya da aka ciro daga gas yana sakin kusan kilo 10 na iskar kabon mai ɗumama yanayi. Koren shi ne wanda aka fasa ruwa da wutar rana, ta iska ko ta madatsar ruwa. Launi ɗaya ne da sauran, wato ba shi da launi, suna ne kawai. Har yanzu bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da ake samarwa ba.

Injiniya Bashir: Salamu alaikum. Na daɗe ina jiran ranar da za a taso da wannan magana a nan. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a tashar tace ruwan teku a gaɓar Bahar Maliya, don haka ku yi mini uzuri in na yi tsawo.

Malam Sani, amsar tambayarka a aikace ita ce: ba sa yi da warin, domin ba sa barin gishirin ya shiga injin tun farko. Tace ruwan ake yi. Duk wanda ya taɓa shiga gidan ruwan leda ya ga injin RO, wanda ake matsa ruwa da ƙarfi ta cikin wata 'yar siririyar fata, ruwa ya wuce gishiri ya tsaya. Namu haka yake, girma ne kawai da ƙarfin matsi.

Yanzu ga lissafin, da yunit ɗin mitar da kowa ke saya. Kilo ɗaya na haidirojin yana cin ruwa lita 9, wannan ba ya canzawa, haka halittar ruwa take. Mu haɗa da asara da wanke-wanke mu ce lita 20. Tace lita 1,000 na ruwan teku yana cin yunit 3 zuwa 4. Ke nan lita 20 ɗinmu ba su kai kashi ɗaya cikin goma na yunit guda ba. Shi kuwa fasa ruwan, kilo ɗayan nan, yana cin yunit 50 zuwa 55. Ku dubi tazarar. Yunit hamsin da wani abu a gefe guda, ɗan gutsuren yunit a ɗaya gefen. To don Allah me zai sa mutum ya ƙona shekarunsa yana neman injin da zai sha ruwan gishiri kai tsaye, don ya tsira da abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari biyar na kuɗin wuta ba? An bar jaki ana dukan taiki.

Nafisa: Yaya Bashir, amma a jami'a malaminmu ya nuna mana cewa 'yan Sin sun yi nasara, har a mujallar Nature aka buga.

Dakta Hadiza: Gaskiya ne Nafisa. Ƙarshen 2022 ne, ayarin Farfesa Xie Heping na Jami'ar Shenzhen da abokan aikinsu na Nanjing. Injinsu ya yi sama da awa 3,200 yana aiki da ruwan teku bai lalace ba. A 2023 kuma suka ɗora shi kan wani dandali mai yawo a Tekun Xinghua, lardin Fujian, kusa da injinan wutar iska, ya yi kwana goma yana aiki cikin igiyar ruwa. Kafin su, ayarin Hongjie Dai a Stanford sun yi wa sandar rufi da wasu sinadaran nikel a 2019, suka gwada da ruwan gaɓar San Francisco, ta jure sama da awa 1,000. A farkon 2023 mutanen Jami'ar Adelaide a Ostareliya suka fito da tasu dabarar. Don haka Injiniya, ba aikin banza mutane ke yi ba.

Injiniya Bashir: Dakta, da girmamawa, ki faɗa musu yadda na 'yan Sin ɗin yake aiki.

Dakta Hadiza: Zan faɗa, ba na ɓoye komai. Sandunan suna cikin ruwan sinadarin fotash mai kauri, an kewaye su da wata fata da ruwa ba ya ratsawa amma tururi yana ratsawa. Ruwan teku yana waje. Saboda na ciki ya fi kauri, sai ya riƙa jawo tururi daga na waje, tururin ya shiga ya koma ruwa mai tsabta, gishiri ya tsaya a baya.

Injiniya Bashir: To alhamdu lillahi. Wato su ma tacewa suka yi. Sun dai cusa matatar a cikin injin ne maimakon su ajiye ta a gefe. Ruwan teku bai taɓa sandar ba.

Dakta Hadiza: Na yarda da wannan, kuma ba kai kaɗai ke faɗa ba. Wasu masana a Jamus sun buga takarda a 2021 suna tambayar ko fasa ruwan teku kai tsaye yana da wata ma'ana ta fuskar kuɗi, lissafinsu ya zo kusa da naka. A kan tudu, inda akwai fili da ma'aikata, ba ni da ja. Amma kai ka fi kowa sanin cewa tashar RO ba fata ce kawai ba. Akwai rariyar farko, akwai magungunan kashe ƙwayoyin halitta, akwai famfunan matsi, akwai wankin fatar lokaci-lokaci. Kuma ruwan da ya fito daga RO bai isa ba tukun, sai an sake goge shi ya fi ruwan batir tsabta kafin injin fasa ruwan da ake kira PEM ya karɓa. Ɗauki duk wannan ka kai shi tsakiyar teku, kilomita masu yawa daga gaɓa, inda sai da jirgi ake zuwa gyara. A can kowane famfo da ka rage alheri ne.

Injiniya Bashir: A tsakiyar tekun ma an gwada. Kamfanin Lhyfe na Faransa ya kai injin megawat ɗaya kan dandali mai yawo a gaban Le Croisic a 2023. Me suka yi? Sun tace ruwan tukun.

Bari in ba ku abin da na gani da idona, don ku san halin ruwan teku. Wata shekara zafi ya yi tsanani, gansakuka ta yi ambaliya a inda muke jan ruwa. Cikin kwana biyu matsi ya hau, ruwan da muke fitarwa ya ragu. Da muka buɗe bututun farko muka zaro fatar, wallahi yauƙi ne kamar miyar kuɓewa ya lulluɓe ta, ga ƙarni. Mun kwana uku muna wanki. Wannan fatar roba ce mai araha, in ta mutu a sayo wata. Yanzu ku ɗauka wannan yauƙin ne ya hau kan sandar da aka shafa wa iridiyam, ƙarfen da duk duniya ba a haƙo tan 10 a shekara, yawancinsa daga Afirka ta Kudu. Ni dai na fi son abu mai araha ya tare dukan.

Usman mai sola: Wannan na gane shi sarai. Ko batirin inbata, in mutum ya zuba masa ruwan rijiya maimakon ruwan batir, wata shida ba ya kaiwa. Na sha zuwa gida a ce batir ya mutu, in buɗe in ga farin abu ya daskare a kan farantan.

Dakta Hadiza: Kusan haka ne Usman. Ban da kulorin a ɓangaren jar waya, ɓangaren baƙar ma yana da tasa cutar. Ruwan teku yana da maginiziyam da kalsiyam, suna daskarewa su rufe sandar kamar farin dattin da ke kama cikin butar dafa shayi. Kowace lita tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, kuma ba gishirin miya kaɗai ba.

Alhaji Garba: Ina ta bin ku tun ɗazu, na gane wani ban gane wani ba. Ni dillalin taki ne a Funtuwa. Na ji Dakta ta ambaci taki. Ku gaya mini ƙarara, wannan abin zai sauko da kuɗin buhun yuriya ko kuwa? Bana na ga manomin da ya saba ɗaukar buhu goma ya ɗauki huɗu, ya tsaya yana kallon sauran kamar zai yi hawaye.

Dakta Hadiza: Ranka ya daɗe, tambayarka ta fi duk namu nauyi. Yuriya daga amoniya ake yin ta, amoniya kuma haɗin haidirojin ne da naitirojin ɗin iskar da muke shaƙa. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da aikin haidirojin kusan kilo 5. A lissafin Injiniya, yunit 260 ke nan na wuta. In da wutar 'yan rukunin A, wato Band A, za a yi, wadda ta haura naira 200 kowane yunit, haidirojin ɗin kaɗai ya wuce naira dubu 50, ba a yi maganar inji, buhu da mota ba. Ga shi yuriya tana bukatar iskar kabon a haɗinta, wadda kamfanonin gas suke samu a cikin aikinsu, mai fasa ruwa kuwa sai ya nemo. Kamfanin Dangote da ke Lekki, mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara, da Indorama da ke Eleme, duk da gas suke aiki. A yau dai, a Najeriya, gas ya fi araha nesa ba kusa ba.

Alhaji Garba: To ashe ba namu ba ne.

Injiniya Bashir: Alhaji, ba zan ce haka ba. Cewa zan yi lokacinsa yana rataye da kuɗin wuta. An taɓa yi a Afirka tun kafin a haifi yawancinmu. Kamfanin KIMA a Aswan ta Masar ya fara yin taki da haidirojin ɗin fasa ruwa tun wajen 1960, da wutar madatsar Nilu. A Kwekwe ta Zimbabwe ma Sable Chemicals ya yi shekaru da dama yana yi da wutar Kariba, har zuwa 2015 da tsadar wuta ta sa suka rufe wannan sashen. Ka ga wuta ce ta buɗe, wuta ce ta rufe. Ba wanda gishiri ya kora.

Nan Saudiyya inda nake, aikin NEOM na dala biliyan 8.4 an tsara shi ya riƙa fitar da tan 600 na haidirojin a rana, a mayar da shi amoniya a loda a jirgi. Abin da ya ba su ƙarfin gwiwa shi ne megawat 4,000 na rana da iska da aka tsara domin wannan aiki kaɗai. Ku auna da abin da layin wutar Najeriya gaba ɗaya yake rabawa, wanda yawanci yana tsakanin megawat 4,000 ne da 5,000, ga mutum sama da miliyan 200. Ruwan da za su sha kuwa, tan 600 sau lita 9, lita miliyan biyar da dubu ɗari huɗu ne a rana. Matsakaiciyar tashar tacewa guda ta fi ƙarfin wannan.

Isufu Damagaram: Barkanku da muhawara. Mu a Nijar ko taku ɗaya na gaɓar teku ba mu da shi, rana kuwa Allah ya hore mana. Abin da nake tambaya, rijiyoyinmu da yawa ruwan zartsi ne, ba a iya sha. Wannan binciken na Dakta ba zai yi mana amfani ba?

Dakta Hadiza: Malam Isufu, ka taɓo inda nake ganin amfanin binciken ya fi. Duk sandar da ta iya jure ruwan teku, zartsi wasa ne a wurinta. Injin da ba ya mutuwa don ɗan datti ya kuɓuce wa matata, wannan riba ce ko da ana tacewa. Abin da nake ta nuna wa Injiniya ke nan: ko ba a kai ga shan ruwan teku kai tsaye ba, abin da aka koya a hanya ba zai zube ba.

Injiniya Bashir: A nan ba mu da saɓani Dakta. A yi binciken, ni ma ina son inji mai taurin rai. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kanun labarai masu cewa an warware matsalar makamashi don an fasa ruwan teku. Yaro ya karanta ya ɗauka teku ce man fetur. Ruwa toka ne, haidirojin ne da ya riga ya ƙone. Sai ka zuba masa wuta yunit hamsin kafin ya ba ka abin da ke ɗauke da yunit 33. In ka sake mayar da shi lantarki, abin da zai dawo hannunka bai kai rabin abin da ka zuba ba.

Amma Malam Isufu, ni da za a tambaye ni, in aka kai sola da injin RO ƙauyen da ke shan zartsi, a fara ba mutane da dabbobi ruwan sha.

Isufu Damagaram: Wallahi haka ne. Akwai garin kakannina, mata suna tafiyar awa biyu da jakuna don ruwan daɗi, alhali ga rijiya a bakin gari.

Nafisa: Ni akwai abin da ba a taɓo ba. Gishirin da aka tace, ina yake zuwa?

Injiniya Bashir: Teku yake komawa ƙanwata. In muka ja lita 100, kusan 40 zuwa 45 ne ke zama ruwan daɗi, sauran ya koma da gishiri kusan ninki biyu. Ya fi ruwan teku nauyi, don haka in aka zubar da shi wuri ɗaya sai ya kwanta a ƙasa ya shaƙe ciyayi da ƙananan halittu. Maganinsa dogon bututu mai bakuna da yawa, a kai shi inda igiya ke da ƙarfi ta watsa shi. Yana da tsada, shi ya sa dole hukuma ta sa ido. Kuma ki lura, injin da ke shan ruwan teku kai tsaye shi ma ruwa yake cirewa ya bar gishiri, bai tsira daga wannan ba.

Nafisa: To shi ke nan masunta ne za su ɗauki nauyin, amoniyar kuma ta tafi Turai. Na karanta na Namibiya, aikin Hyphen na kusan dala biliyan 10 kusa da Lüderitz, a cikin gandun Tsau Khaeb da aka killace don halittunsa. Ƙasar da har yanzu take sayen wuta daga maƙwabta. Ni wannan ne ke damuna fiye da kulorin.

Dakta Hadiza: Damuwarki tana kan hanya, kuma 'yan Namibiya da kansu suna wannan gardamar. Akwai masu cewa a sa sharaɗi: duk wanda zai gina irin wannan, ya ƙara girman matatar ya ba gari ruwan sha, ya bar wani kaso na wutar a gida. Tunda Injiniya ya nuna mana tacewa ba ta da tsada a cikin lissafin, ninka matatar ba zai karya kowa ba.

Usman mai sola: Ni dai na yi nawa lissafin a nan shago. Faifan sola mai wat 500, a ranar Kano mai kyau, yana ba ni yunit biyu da rabi. Ke nan sai faifai ashirin sun yini suna aiki kafin a samu kilo ɗaya. Buhun Alhaji guda kuwa faifai ɗari. Injiniya, haka ne ko na kauce?

Injiniya Bashir: Ba ka kauce ba ko kaɗan, Usman.

Alhaji Garba: Faifai ɗari, buhu ɗaya a yini. A shekara buhu ɗari uku da sittin da biyar ke nan, kuma faifan na ji ana cewa yana shekara ashirin. Ku bar ni in kwana da wannan lissafin, gobe zan tambayi Usman kuɗin faifai ɗari.

Malam Sani: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Dakta, na samo bikabonet ɗin a wurin masu kayan kek, mun sake gwadawa yau da safe. Babu wari ko kaɗan. Mun kifa ƙananan kwalabe biyu a kan fensiran, ta ɓangaren baƙar waya ta riga cika nesa ba kusa ba. Na matsar da yara baya, na kusanta ashana a bakinta, ta yi wata 'yar ƙara fuf, ajin ya kaure da ihu. Na rubuta musu lissafin Injiniya a allo, lita 9 da yunit 50. Yarinyar da ta kawo shawarar gishirin ta ɗaga hannu ta ce, to batir nawa irin namu za a jera kafin a samu kilo ɗaya? Na ba su a matsayin aikin gida, ranar Litinin za su kawo.